KARKANDA DA MAI ITA: TARIHIN DA YA HANA MU BARCI JIYA

Jiya da daddare a teburin mai shayi, bayan an fito daga karatu, musu ya kaure. Wani ɗan ajinmu mai karantar tattalin arziki ya ce in ana so namun daji su tsira, a sayar wa mutane su kawai. Muka yi masa ca. Da na koma ɗaki na yi ta tunani, sai na ga maganarsa tana da tarihi, kuma tarihin bai ba kowa gaskiya duka ba.

A ƙarshen ƙarni na 19, mafarauta sun kusa ƙarar da farar karkanda a Afirka ta Kudu. Ba su kai ɗari ba suka rage, a dajin Umfolozi da aka keɓe a 1895. Gwamnati ce ta tsare su har suka hayayyafa. A shekarun 1960 wani ma'aikacin daji, Ian Player, ya jagoranci kwashe wasu zuwa wasu wurare.

To amma akwai matsala. A dokar ƙasar, naman daji ba na kowa ba ne. Ka saya da kuɗinka, in ya tsallake shinge ya shiga gonar maƙwabci, ya tashi daga naka. Wa zai kashe kuɗi yana kiwon abin da ba shi da tabbas a kai? Shi ya sa da yawa suke saye yau, gobe su sayar wa baƙon mafarauci ya harbe.

Abu biyu suka sauya lissafi. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar dazukan Natal ta fara gwanjon karkanda, farashi ya tashi. Sai a 1991 aka yi dokar da ta ce dabbar da ke cikin shinge mai inganci ta mai ita ce, ko da ta tsere. Nan take karkanda ta zama kamar saniya: mai rai da haihuwa ta fi gawa daraja. Manoma suka fara barin kiwon shanu suna mai da gonaki daji. Wajajen 2010 adadin ya doshi dubu 20.

Har nan abokinmu yana da gaskiya. Amma labarin bai ƙare ba fa.

Kasuwar ƙaho ta buɗe a ɓoye a Biyetnam da Sin, alhali an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1977. A 2007 karkanda 13 ɓarayi suka kashe a Afirka ta Kudu. A 2014 kuwa, 1,215. Tsaro ya koma sai da masu gadi da bindiga da jirgi mai saukar ungulu.

Ku dubi John Hume. Attajiri ne da ya tara karkanda kusan 2,000 a gonarsa. Yana yanke musu ƙaho, tunda yana sake tohowa kamar farce, yana ajiyewa da fatan wata rana za a halatta ciniki tsakanin ƙasashe. Ba a halatta ba. Kuɗi suka ƙare. A 2023 ya sa gonar a gwanjo, daga dala miliyan 10, ko mutum ɗaya bai taya ba. Ƙungiyar African Parks ce ta saya daga baya, da niyyar mai da su daji cikin shekara goma. Ka ga kenan, kasuwa tana riƙe dabba ne muddin tana kawo riba. Ranar da ta zama asara, sai wani ya kawo ɗauki.

Sannan tambayar da ta fi damuna: su wa suka mallaki waɗannan gonakin? Dokar filaye ta 1913 ta bar wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, a 1936 aka ƙara zuwa 13. Da aka ce "mai fili ya mallaki dabba", jikokin waɗanda aka kora ba su cikin rabon. Namibiya ta gane haka, a 1996 ta ba al'ummomin karkara irin wannan iko a filayensu na gandu.

Shi ya sa nake tunanin Yankari. Manomin da giwa ta tattake wa dawa a gefen dajin, me yake samu in giwar ta rayu? In amsar ita ce babu, to mun san yadda zai kalle ta.

'Yan Bauchi, ku da kuka fi mu sanin wajen, ku faɗa mana. Shayin daren yau kuma a kaina yake.