Daga saye zuwa haya: tarihin kuɗin lojisiyel

Duk mai shagon buga takardu, ko mai aiki a sutudiyon rediyo kamar mu, ya san lojisiyel ɗin da aka fasa wa makulli. Da can a faifai yake zo mana daga Kano, yanzu kuma a kile. Doka dai ta hana: Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, kuma yarjejeniyar Bangui ta 1977, da gyaranta na 1999, tana kare lojisiyel kamar yadda take kare littafi. To amma kafin mu kira mai shago ɓarawo, bari mu duba yadda farashin nan ya samo asali.

Tun farko ba a sayar da lojisiyel daban. Ka ɗauki na'ura, a haɗa maka da shi, kamar jaki da akumarinsa. A 1969 ne kamfanin IBM na Amurka ya raba kuɗin biyun. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin masu kwafar aikinsa da sata. Richard Stallman ya ɗauki wata hanya daban a 1983 da shirin GNU, inda kowa ke da izinin kwafa, ya gyara, ya raba.

Shekaru da dama cinikin a fili yake: ka biya sau ɗaya, ka yi aiki har ordinatarka ta mutu. Tsofaffin 'yan rediyo sun san Cool Edit, wanda ake yanka murya da shi. Adobe ya saye shi a 2003, ya sa masa suna Audition. A 2013 kuma kamfanin ya ce an gama sayarwa, sabbin fitowa sai dai abonma, wata-wata ko shekara-shekara. Nan fa gizo ke saƙar. Wanda ya sayi gona, ko damina ta yi gardama, gonar tana nan. Mai haya kuwa, ranar da bai biya ba sai a ɗaga shi, ko da ya shekara 10 yana zuba mata taki. Haka abonma yake: ka daina biya, ƙofa ta rufe, aikin da ka tsara a ciki ba ka iya taɓa shi.

Kuma ba rashin biya kaɗai ba. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da mutanen Benezuwela zai rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya ya janye. Mu da muka ga takunkumin 2023 da idonmu, ba sai an fassara mana wannan ba. A 2024 ita kanta gwamnatin Amurka ta kai Adobe kotu, tana zarginsa da ɓoye tarar da yake ci wa mai son fita daga abonma kafin shekara ta cika.

Gaskiya, su ma kamfanonin suna da hujja. Injiniyoyi ba iska suke ci ba, kuma lojisiyel ɗin da aka fasa yakan zo da birus, ya cinye takardun mutane. Inda muke ja da su shi ne awon. Audition kaɗai ya haura dalar Amurka 20 a wata, wato sama da jika 11, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Kuma da katin banki ake biya. Masu shago nawa ne a Kance ko Ɗan Barto ke da shi? Iyayenmu sun ga irin wannan a cinikin gujiya, tun kafin SONARA ta 1962: sikeli a nan, farashi a can.

Rangwame ba abu ne da bai yiwuwa ba. A 2004 Microsoft ya fitar da Windows XP mai araha don ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya, sai dai an rage masa ƙarfi, lojisiyel 3 kacal yake buɗewa lokaci guda.

A gefe kuma, zuriyar Stallman tana nan. Audacity na yanka murya kyauta tun 2000, LibreOffice na buga takardu tun 2011, ba lisansi, ba makulli. Matsalar, yara a wuraren koyo Word ake nuna musu, kuma takardar da ofis zai aiko maka ma a Word take zuwa.