Makahon Kare da Ɗalibin da Aka Fid da Rai da Shi: Nazari daga Ƙasar Tasawa da Mayahi

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki labarin wani makahon kare da wani yaro ya riƙa a ƙasar Tasawa, ta auna shi da binciken masana kan yaran da ke yi wa karnuka karatu. Matsayarta ita ce abu biyu ke ɗaga yaron da karatu ya gagara idan ya shaƙu da dabba: samun mai saurare da ba ya yi masa dariya, da amanar da aka danƙa a hannunsa. Duka biyun suna nan cikin gidajen Tasawa da Mayahi, makaranta ce ba ta buɗe musu ƙofa ba.

1. Gabatarwa

A wani ƙauye da ke arewa da Tasawa, inda na taɓa koyarwa, akwai wani maharbi da tsohon karensa na farauta ya makance, yanar ido ta rufe masa idanu biyu fari fat. Maharbin ya yi niyyar kora shi daji. Ɗansa mai shekara goma, wanda ke maimaita aji na uku, ya ce: “Baba, a bar mini shi, ni zan riƙa ba shi.” Uban ya ce: “Kai da ka kasa riƙe baƙi, kare za ka riƙe?” Ya dai bar masa.

Yaron ya ajiye kaskon ruwa a gindin rumbu, bai ƙara gusar da shi ko da taki ɗaya ba. Ya zuba tsakuwa a gwangwanin tumatir ya ɗaura a ƙafarsa, karen na bin ƙarar duk inda ya nufa. Da la'asar yakan jingina da rumbun ya buɗe littafinsa yana haɗa baƙi da ƙarfi, ya yi tuntuɓe ya koma farko, kan karen na bisa ƙafarsa. Yaron bai zo na ɗaya a aji ba. Amma kafin ruwan shuka ya sauka, yaron da a da yakan sunkuyar da kai idan an ce wa zai karanta, ya fara ɗaga hannu yana ce wa malami “Mushe, ni!” Tambayar wannan maƙala: me ya canza?

2. Abin da masana suka gano

A 1962 wani masanin halayyar yara a Amurka, Boris Levinson, ya wallafa abin da ya lura: yaron da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karen Levinson, daga nan bakinsa ya buɗe. A 1999 aka kafa wani shiri a jihar Yuta ta Amurka inda ake kai horarrun karnuka ɗakunan karatu yara su yi musu karatu, shirin kuma ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Sai dai a 2016 masana uku, Hall da Gee da Mills, sun tattara binciken da aka yi a kai, suka nuna cewa akwai alamar yara na samun natsuwa da sha'awar karatu, amma mafi yawan hujjojin ba su da ƙarfi.

Wannan ya isa ya hana mu zuzuta abin. Kare bai san wasali ba, ba ya gyara kuskure. Abin da yake yi shi ne ya zauna. Wanda ya tsaya gaban aji ya san nauyin wannan: yaron da aka yi wa dariya sau biyu, karo na uku ba zai buɗe baki ba, wanda kuma ba ya buɗe baki ba ya samun maimaicin da karatu ke nuna da shi. Wani masani, Albert Bandura, ya yi bayani tun 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa ta fi ginuwa a kan abin da ya taɓa yi da hannunsa ya ga ya yiwu. Yaron nan ya rayar da dabbar da manya suka fid da rai da ita. Wannan ce nasararsa ta farko, a gindin rumbu ya same ta kafin ya shigo da ita aji.

3. Kare a idon Bahaushe

Mai karatu zai ce ai mu kare ba abokin zama ba ne. Da gaskiyarsa: “ɗan kare” zagi ne, ba kuma a barin kare ya hau tabarma. Amma Bahaushen nan shi ne ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, mafarautanmu kuwa suna raɗa wa karnukansu suna, su yi musu kirari. Shari'a ta halatta riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. A mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kaskon ruwan da ke gindin rumbu ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Duk da haka, ɗauko tsarin Amurka ɗungurungum a dasa a Mayahi kuskure ne. Ciwon haukan kare na kisa, yawancin karnukan ƙauye ba a yi musu allurar rigakafi ba, iyaye kuma ba za su yarda a shigar da kare aji ba. Darasin za mu ɗauka, mu bar karen a gida.

4. Gidan da aka sauya wa fasali

Likitocin dabbobi suna ba masu makahon kare shawara iri ɗaya da abin da yaron nan ya gano da kansa: kada a riƙa gusar da kayan gida, a yi wa kare magana kafin a taɓa shi. Da hanci da kunne yake zana gidan a kansa. Idan aka bar turmi da randa a inda ya san su, zai bi tsakar gida har baƙo ya rantse yana gani. A sauya musu wuri, ya yi ta karo, a ce ya lalace.

Ba ina kwatanta ɗan mutum da kare ba, halin da muke jefa shi nake kwatantawa. Yaron Tasawa yana zuwa lakwal, wato makarantar boko, da shekara shida ko bakwai, bakinsa cike da Hausa: tatsuniya, ka-cici-ka-cici, sunayen itatuwa da na kowace akuya a gidansu. Ranar farko a ce masa duk wannan ya tsaya a bakin ƙofa, a koya masa haɗa baƙi cikin harshen da bai taɓa yin mafarki da shi ba. Iyayensa ma sun tuna zamanin da ake rataya wa ɗalibi alamar kunya a wuya don ya yi Hausa a filin makaranta. Binciken PASEC na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe goma na Afirka, ya nuna ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin goma a ajin ƙarshe na firamare a Nijar ne ya kai mizanin karatu. An samu ci gaba a zagayen 2019, amma har lokacin mafi yawa ba su kai ba. Babu ƙasar da akasarin ƴaƴanta daƙiƙai ne. Gidan aka sauya musu.

Nijar ta san maganin. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne littafi ya iso hannun yaro, da malamin da aka horar.

5. Daga kare zuwa jar akuya

Me za a rubuta a littafin? A nan dabba ke sake shigowa. Daga kwarin Gulbin Kaba har bakin titin da ya ratsa Tasawa zuwa Damagaram, da wuya ka shiga gida ba ka ga jar akuyar Maradi ba, wadda ta yi suna da haihuwar tagwaye da kyan fata. Mata ne masu ita, yara ne masu hidimarta: su tsinto ƴaƴan gawo, su sauko da harawa, su dama dusa. Yarinyar da ta kasa ɗebe bakwai daga goma sha biyar a allo, da kallo ɗaya take sanin wace akuya ce ba ta dawo kiwo ba, ta kuma san wata biyar akuya ke ɗaukar ciki. Malamin da ya ce ta rubuta sunayen awakin innarta, ta lissafa ranar haihuwarsu, ta je ta karanta musu abin da ta rubuta da yamma, ya ba ta darasi da mai saurare ba tare da kashe ko dala ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi: kiwon nan shi ke cire yara daga makaranta, musamman a watan Oktoba da komawa aji ke haɗuwa da girbi. Haka ne. Amanar akuya ɗaya tana gina yaro, garken da zai wuni da shi a daji yana cinye karatunsa. Iyakar da ke tsakaninsu aikin iyaye da malamai ne su shata. Amma uban da ya ga makaranta na girmama abin da gidansa ya sani, ya fi saurin sakin ɗansa ya tafi.

6. Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hujjar masana kan karatu da kare ba ta kai a gina manufa a kanta ba, amma abin da ke ƙarƙashinta sananne ne: yaro na bukatar wurin yin kuskure ba a yi masa dariya ba, da wani abu da ya dogara gare shi. Malamin ƙauye ba shi da ikon kawo littattafai ko rage cunkoson aji. Yana da ikon hana dariya, da fara darasi daga abin da yaro ya baro a gida. Ni kam shekara guda na yi ina rubuta “rago” a takardar yaron nan, alhali kullum da asuba shi ke fara tashi a gidansu ya cika kasko.