Daga Yamai zuwa Jidda: hanyar da kakanni suka taka da ƙafa



Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, wanda aka buɗe a 1981, akwai kilomita wajen 4,000. Jirgi yana cinye su cikin awa biyar zuwa shida. In mun ɗora zare bisa taswira, kamar yadda muke yi da yara a lakwal, za mu ga abin mamaki: Tanut ta fi Yamai kusa da Makka. Maniyyacin da zai tashi daga Yamai sai ya yi kilomita kusan 150 zuwa Damagaram, ya ƙara wajen 900 yana bai wa alƙibla baya, sannan jirgi ya komo da shi gabas.

Kakanninmu kuwa gabas suke dosa tun daga ƙofar gida. Da jaki ko raƙumi, galibi ma da ƙafa, a bi ta Barno a ƙetare zuwa Fort-Lamy, wadda ta koma N'Djamena a 1973. Daga nan sai Abeshe ta Wadai, sai Fashir ta Darfur, sai El Obeid inda mai kuɗi yake samun jirgin ƙasa. A bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko Port Sudan, a jira jirgin ruwa.

Tafiyar ba ta wata ɗaya ba ce. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi damina guda yana noman ƙodago, ko ya ɗebi auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka fara shayarwa a 1925. Wani shekara uku, wani bakwai. Shi ya sa ake raba gado da yafe juna kafin a tashi, wani ma ya sawwaƙe wa matarsa. Da yawa ba su komo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma jikokin matafiya suna can suna Hausa. A ganina, duk gidan da aka ce "kakanmu ya yi gabas" ya kamata a rubuta sunansa tun dattawan da suka san shi suna da rai.

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano wannan hanya suka biyo, amma ta baya. Guda uku ne na sojan Ingila. Sun tashi daga Masar ranar 27 ga Oktoba 1925, suna ya da zango a Khartum, Fashir da Fort-Lamy, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. Kwana shida ke nan, a hanyar da mai jaki yake kwashe shekaru.