Yaƙin Boma a Majigi da a Tarihi: Matsayin Sojojin Nijeriya ta Arewa

1.0 Gabatarwa

Da za a tara samarin unguwar Madaki ko Jekadafari ko Bolari a cikin garin Gombe, a tambaye su ko su wane ne suka gwabza da Japanawa a kurmin Boma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawansu za su ce Amurkawa ne, domin abin da finafinan yaƙi suka nuna musu ke nan. Alhali kuwa dubun dubatar waɗanda suka sha wuyar wannan kurmi 'yan Afirka ta Yamma ne, kuma da Hausa ake ba da yawa daga cikinsu umurni a fagen fama. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin fitattun finafinan yaƙin, sa'an nan ta gwada shi da abin da tarihi ya tabbatar.

2.0 Fim ɗin Merrill's Marauders

A shekarar 1962 aka fitar da Merrill's Marauders, wanda Samuel Fuller ya ba da umurni, Jeff Chandler kuma ya fito a matsayin Birgediya Frank Merrill. Labarin na wata runduna ce ta Amurkawa kimanin 3,000, wadda ta kutsa arewacin Boma da ƙafa a watan Fabrairu na 1944, ta bi duwatsu da fadamu har ta ƙwace filin jirgin sama na Myitkyina ranar 17 ga Mayu. Abin yabo ga fim ɗin shi ne bai ƙawata yaƙi ba. Ya nuna yunwa da zazzaɓi da gajiyar da ke sa namiji ya faɗi bai iya tashi. Sai dai mai kallo zai tashi da zaton cewa Amurkawa kaɗai suka ɗanɗani wannan azaba.

Wannan ba shi ne farau ba. A 1945 an yi Objective, Burma! wanda Errol Flynn ya ja ragamarsa. Ingilishi suka fusata saboda an shafe rawar da sojojinsu suka taka, har aka janye fim ɗin daga gidajen silima na ƙasarsu, bai koma ba sai 1952. Amma laifi tudu ne: waɗanda suka yi kukan an manta da su, su ma ba su faye tunawa da baƙar fatar da suka ɗebo daga Kano da Zariya da Bauchi ba.

3.0 Daga Bormi zuwa Boma

Ƙasar Gombe ta san rundunar da ake magana a kanta tun kafin wannan yaƙi. Lugga ne ya kafa ta a 1897 da sunan rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, kuma ita ce ta auka wa garin Bormi, kusa da Bajoga, ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Shekara 40 bayan haka, wannan runduna ce ta kwashi 'ya'ya da jikokin mutanen wancan zamani zuwa Asiya, su kare daular da ta ci ƙasarsu.

Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗaukar kuratan soja a lardunan Arewa, har da Lardin Bauchi wanda Gombe ke cikinsa a zamanin Sarki Abubakar. Wasu sun shiga don albashi da kaki, wasu don neman suna, wasu kuwa tilas ce ta kai su, domin an yanka wa dagacinsu adadin da zai kawo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, da majigin da ake yawo da shi gari gari, sun taimaka wajen kai labarin "yaƙin Hitila" lungu lungu. Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya: Batangale da Babarbare da Batibi duk da ita suke jin juna. Hafsoshi kuwa Turawa ne, ɗan ƙasa iyakarsa sajamanja.

4.0 A Cikin Kurmi

Runduna biyu aka tura, ta 81 da ta 82. An kafa ta 81 a watan Maris na 1943 a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta isa Indiya a wannan shekara, aka nufi da ita kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan. Babu hanya a wurin, don haka da adda da diga da shebur sojojin suka fasa hanyar mota mai tsawon kimanin mil 75 a cikin duwatsu da dajin gora. Abinci da harsasai daga sama ake jeho musu da laima. Daga inda kayan suka faɗo kuwa, sai sojojin dako su ɗora a ka, har da sassan igwa, su hau tsaunin da alfadari ma yake ja da baya. Saboda waɗannan 'yan dako ne rundunar ta iya shiga inda Japanawa ba su zaci mutum zai ɓullo ba. Ba kullum ake nasara ba: a watan Maris na 1944 Japanawa sun mai da su baya daga Kyauktaw. Da damina ta ɗauke suka sake komowa.

Runduna ta 82 ta bi kwarin Kalapanzin a watan Disamba na 1944. Rundunonin biyu suka haɗu a kan Myohaung, tsohon babban birnin Arakan, suka ƙwace shi a ƙarshen Janairu na 1945. Daga nan ta 82 ta nausa kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk, tana fama da abokan gaba da ruwan sama da matsattsaku da atuni da zazzaɓin cizon sauro.

Akwai kuma wurin da tarihin 'yan Nijeriya ya haɗu kai tsaye da labarin fim ɗin. An cire birged ta 3 daga runduna ta 81, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya, aka haɗa ta da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan sahun Japanawa a 1944. 'Yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka tsare sansanin White City, wanda ya datse hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Myitkyina. Ta wannan hanya ce ake kai guzuri da makamai ga Japanawan da ke fuskantar mutanen Merrill. Ashe ke nan jaruman da fim ɗin ya ɗaukaka sun ci moriyar jinin waɗanda bai ambata ba.

5.0 Abin da Ya Saura

A 1946 aka gama dawo da sojojin gida. Albashinsu da kuɗin sallamarsu ba su kai na takwarorinsu Turawa ba, da yawa kuma suka koma gona ko gadi ko aikin ɗan doka na En'e. Waɗanda suka kwanta dama a can, akwai sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, a ƙasar da tun 1989 ake kira Miyanma, inda aka zana sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba.

A gida kuwa, sunayen barikoki ne suka riƙe tarihin: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Tamandu da Dodan a Legas. Mutane na ambatar su kullum ba tare da sanin cewa sunaye ne daga fagen yaƙin Boma ba. An ɗan fara cike giɓin daga baya. A 2007 Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya wallafa littafin Burma Boy a kan wani yaro Bahaushe cikin dakarun Chindit, a 2011 kuma Barnaby Phillips ya shirya fim na gaskiya a kan Isaac Fadoyebo, wanda aka harba a gaɓar Kaladan. Dukansu da Turanci ne.

6.0 Kammalawa

Ba za a zargi Samuel Fuller don ya ba da labarin mutanensa ba, kowa ya san gidansu. Abin dubawa shi ne, yaƙin da aka yi umurninsa da Hausa, har yau tarihinsa ya fi yawa a cikin wani harshe. 'Yan mazan jiya da suka ga Boma da idonsu saura ƙalilan, domin wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya kai shekara 100 a 2025. Abin da ya rage yana hannun 'ya'ya da jikoki: lambobin yabo, da takardun sallama, da waƙoƙin fareti, da labaran da aka ji a zaure. Ya kamata sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'i su bi gidaje a Gombe da sauran garuruwa su tattara waɗannan, su rubuta su da Hausa, tun kafin gara da mantuwa su gama da su.