Yaron da karatu ke ba wuya a makarantun Kudu: inda matsalar take da yadda ake tallafa masa

A unguwanninmu na Kurmi, daga Sabon Ibadan zuwa Agege, Idi-Araba da Sabon Shagamu, yaro ba ya barin makarantar boko rana ɗaya. Yakan fara da makara, sai fashin kwana ɗaya a mako, sai a ce ya maimaita aji, daga nan ka gan shi a kara yana jan igiya. Mafi yawan waɗannan yaran ba daƙiƙai ba ne. Yaron da ke lissafin kuɗin shanu goma da ka, har da ladan dillali da kuɗin tirela, ai kansa na ja.

Abu na farko shi ne harshe. Ɗanmu yana Hausa a gida, a titi yana Yarabanci ko harshen Ibo ko buroka, a aji kuma littafi da Turanci yake. Idan malama ta ga yara ba su gane ba, takan juya bayani zuwa harshen garin, kowa ya gane, namu ya yi shiru. A jihar Legas ma tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, ka ga darasi ne da dole ya zauna masa. A ƙananan azuzuwa abin ba ya fitowa fili, domin yawanci bita ake yi da baki. Sai an kai aji huɗu, lokacin da ake so yaro ya karanta da kansa ya amsa tambaya, sannan asiri ke tonuwa. Gwajin mai sauƙi ne: a ba shi littafin ajinsa ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, sannan ya faɗi abin da ya gane da Hausa. In ya kasa, to nan ciwon yake, kuma bulala ba ta maganinsa.

Na biyu, tafiya gida. Shekarar karatu zango uku ce, tana farawa a watan Satumba ta ƙare wajen Yuli. Mu kuwa Sallah ko biki ko damina ke tsara mana tafiya. Hutun Sallah da gwamnati ke bayarwa kwana biyu ne ko uku, amma sai a tafi Arewa da yaro a yi wata guda. Makin zango ba daga jarrabawar ƙarshe kaɗai yake fitowa ba, akwai gwaje-gwajen da ake yi a tsakiya, kuma wanda bai zauna ba sifili ake rubuta masa. In tafiyar ta zama dole, a gaya wa malamin aji kafin a tashi. In kuwa komawa za a yi gaba ɗaya, a karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon ƙarshe, don kada a mayar da shi baya a can.

Sai kuɗin kasuwa, wanda a ganina ya fi duka ƙarfi. Ɗan shekara goma sha uku da ya ɗanɗana kuɗin hannu a kwatar Oko-Oba ko kasuwar Mile 12 zai yi wuya ka shawo kansa da zancen takardar da sai bayan shekara biyar. Hana shi kasuwa gaba ɗaya ba ya aiki, kuma sana'ar gado ce. Abin da ya fi shi ne yarjejeniya: Asabar da hutu na kara ne, Litinin zuwa Juma'a na aji. Haka 'yan mata da talla, a bari sai an taso. Islamiyya ma ba kishiyar boko ba ce, ta yamma da ta ƙarshen mako sun wadatar in an tsara.

Iyaye da yawa suna jin nauyin shiga makaranta saboda ba su jin Turanci. A nemi wani matashi ya raka su, ko sau ɗaya a zango, a ga malamin aji, a tambaye shi kai tsaye: "Malam, a ina yake da rauni?" Taron iyaye da malamai ma a riƙa zuwa. Malami yakan fi kula da yaron da ya san fuskar ubansa. A unguwa kuma, masu takardar sakandare da ke zaune za su iya haɗa yara biyar zuwa shida a zaure ko harabar masallaci bayan Magariba, rabin awa na karatu da ƙarfi, ana fassara musu da Hausa. Sarkin Hausawa da shugabannin kara za su iya ɗaukar nauyin fitila da alli.

A sani kuma, dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas a makarantun gwamnati. Haƙƙin kowane yaro ne ɗan Najeriya, ko daga wace jiha iyayensa suka fito.

Wanda ya riga ya fita ma ƙofa ba ta rufe ba. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutum zai yi rajista ba tare da yana wata makaranta ba. Mai sha'awar aikin hannu, kamar wayarin ko kanikanci, yana iya bin kwalejin fasaha ya zauna jarrabawar NABTEB. Wanda ko karatun bai kama ba, ya tambayi ajin yaƙi da jahilci a sakatariyar ƙaramar hukumar da yake zaune.