Sakacin da Ya Riga Gobarar Bedford

Da misalin ƙarfe 9:40 na daren 31 ga Mayu, 2014, wani ƙaramin jirgin alfarma ƙirar Gulfstream IV ya fara gudun tashi a filin jirgin sama na Hanscom da ke Bedford, a jihar Massachusetts ta Amurka, da niyyar zuwa Atlantic City. Tayoyinsa ba su bar ƙasa ba. Ya zarce ƙarshen titin, ya tumbuke fitilun filin, ya faɗa wani kwazazzabo, ya kama da wuta. Duk mutum 7 da ke ciki suka rasu, har da attajiri Lewis Katz, wanda kwana 4 kafin nan shi da abokin kasuwancinsa suka sayi kamfanin jaridar Philadelphia Inquirer kan dala miliyan 88.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da sakamakonta a 2015. Irin wannan jirgi yana da makullin da ake ɗaure filafilan sarrafa shi idan yana ajiye, don kada iska ta riƙa kaɗa su. A daren, matuƙan biyu sun manta ba su buɗe shi ba, saboda haka babu yadda hancin jirgin zai ɗaga. Kamfanin Gulfstream ya ƙera makullin ne ta yadda zai hana a ba injin wuta sosai muddin yana kulle, amma a aikace bai hana ba. Hukumar ta ɗora wa kamfanin da mahukuntan da suka amince da ƙirar nasu kason laifin.

Duk da haka, akwai gwajin da zai tona matsalar cikin daƙiƙu kaɗan: kafin tashi, matuƙi ya motsa kayan sarrafawa ya tabbatar suna amsawa. Da masu bincike suka duba na'urar ajiyar bayanan jirgin, sai suka tarar cewa cikin tashi 175 da suka gabata, sau 2 kacal aka yi cikakken gwajin. Matuƙan kuwa ƙwararru ne, sun shafe shekaru suna aiki tare. Ko a kan titin ma, bayan sun gane makullin na kulle, sun ɓata kusan daƙiƙa 10 kafin su taka birki. Lissafin hukumar ya nuna da sun fasa tashin nan take, da jirgin ya tsaya kafin kwalta ta ƙare.

Haɗarin ya daɗe yana ƙulluwa kafin wannan dare. Sau 173 aka tsallake ƙa'ida ko aka yi ta rabi da rabi, aka kuma sauka lafiya, kowace sauka tana ƙara nuna wa matuƙan kamar gwajin ba shi da amfani. Alhali an tanade shi ne domin rana ɗaya tak, ranar da ƙwararre zai yi mantuwa irin ta ɗan Adam. Da ranar ta zo, al'adar yinsa ta riga ta mutu.