Shekara Goma a Wuyan Mai Zane: Tarihin Sharaɗin da Doka Ta Hana Rubutawa

Mutum biyu ne ke sa hannu a takardar kwangilar zanen gini: mai gida da mai zane. Amma waɗanda za su kwana a ƙarƙashin rufin sun fi haka yawa. Akwai iyali, akwai 'yan haya, akwai wanda zai sayi gidan bayan shekara bakwai, kuma babu wanda aka nemi shawararsa a cikinsu. Shin ya halatta mai zanen gini ko injiniya ya rubuta a kwangila cewa idan ginin ya rushe babu ruwansa, ko kuwa diyyar da zai biya ba za ta wuce kuɗin aikinsa ba? A wannan maƙala zan bi sawun amsar da dokar Faransa ta bayar, domin na ga ta ɗauki shekara 174 kafin ta faɗe ta ƙarara.

Ɗora alhakin gini a kan gwaninsa tsohon al'amari ne. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila da ya yi mulki fiye da shekara 1700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun yanke cewa magini zai biya da ransa idan gidan da ya gina ya faɗi ya kashe mai shi, idan kuwa dukiya ce ta salwanta, zai biya, ya sake ginin da kuɗinsa. Daular Rumawa ta sassauta hukunci, ta kawo wa'adi: a shekarar 385 aka ɗora wa masu gine-ginen hukuma da magadansu lamunin aikinsu har shekara 15.

Wannan tunani na wa'adi ne Faransa ta gada. A 1804, zamanin Napoleon, ta fitar da kundin dokokin hulɗar jama'a, wanda har Jamhuriyar Nijar ta gaje shi ta hanyar mulkin mallaka. Sashe na 1792 ya ce idan gini ya rushe, duka ko wani ɓangare, saboda aibin aiki ko aibin ƙasar da aka kafa shi, to mai zane da ɗan kwangila suna da alhaki har shekara 10. Sai dai a cikin kundin akwai sashe na 1134, wanda ya mai da yarjejeniya tamkar doka a kan waɗanda suka ƙulla ta. Idan mai gida ya yarda da bakinsa ya yafe lamunin, wanne sashe za a bi? Kundin bai faɗa ba, ya bar wa alƙalai.

Abin sha'awa, almajiri ne ya riga malami cike wannan giɓi. Masar, wadda ta daɗe tana aro daga dokokin Faransa, ta fitar da sabon kundinta a 1948 a ƙarƙashin jagorancin Abdurrazzak al-Sanhuri, masanin shari'a da ya yi karatu a birnin Liyon. Sashe na 651 ya haɗa injiniyan zane da ɗan kwangila a lamunin shekara 10. Sashe na 652 ya ce wanda zane kawai ya yi, ba a ɗora masa duba aiki ba, aibin zane kaɗai ke kansa. Sashe na 653 kuwa ya soke duk sharaɗin da ke neman ɗauke wannan lamuni ko rage shi.

Faransa ba ta motsa sosai ba sai da matsala ta kai mata wuya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta gina manyan rukunan gidaje cikin gaggawa, sai ƙararraki suka yawaita. Mai zane ya ce laifin ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce laifin zane ne, mai gida yana tsaye da rufi mai yoyo, shari'a tana cin shekaru. Kwamitin da injiniya Adrien Spinetta ya shugabanta ya binciki lamarin, aka kafa doka ranar 4 ga Janairun 1978, wadda har yau ake kiranta da sunansa. Ta tsara lamuni hawa uku: shekara 1 don gyaran duk abin da bai kammalu daidai ba, shekara 2 don kayan da ake iya cirewa a sauya, shekara 10 don ƙarfin ginin kansa. Ba sai mai gida ya tabbatar da sakacin kowa ba. Ta wajabta inshora a kan masu aikin da kuma mai ginin, domin a fara gyara kafin a gama jayayya. Sannan sashe na 1792-5 ya yanke cewa duk sharaɗin da ya kawar da lamunin ko ya taƙaita shi, za a ɗauke shi kamar ba a taɓa rubuta shi ba.

Masu zane suna da hujjar da ban raina ba. Kuɗin zane ɗan kaɗan ne a kan kuɗin gini, kuskure ɗaya na iya cinye abin da mutum ya tara tsawon rayuwarsa, kuɗin inshora kuma a kan mai gida yake komawa. Amma a ganina dokar ba ta zalunce su ba, domin ta shata iyaka ta fuska biyu. Ta hana gwani zare wuyansa da alƙalami, ta kuma hana a bi shi har abada: shekara 10 na cika daga ranar karɓar aiki, ya sauke nauyi.

Darasin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, yarda ba ta cika sai da sani. Mai gida ba ya iya karanta lissafin ƙarfen da ke cikin ginshiƙi, ɗan haya kuwa ko takardar bai gani ba. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma mai zanen da ya san ba shi da ƙofar fita a kwangila zai sake duba lissafinsa kafin a zuba siminti.